Ɗaukewar Wi-Fi bayan sabunta direba: abin da ke jawo ta da yadda ake bin sawunta

Kwamfutar tafi-da-gidanka da ta kwana tana shiga intanet lafiya lau takan wayi gari ta ƙi. Wani lokaci alamar Wi-Fi ce take ɓacewa ɗungurungum daga kusurwar allo, a bar mutum da hoton ƙwallon duniya. Wani lokaci kwamfutar tana ganin sunan na'urar rarraba intanet, wadda aka fi sani da rauta, amma ta ƙi haɗuwa da ita. Wani lokaci kuma ta haɗu, ta yi minti biyar, ta yanke. Idan hakan ya zo jim kaɗan bayan Windows ta girka sabbin abubuwa, wanda ya kamata a fara tuhuma shi ne direban katin Wi-Fi, kuma gyaransa ba ya buƙatar a buɗe cikin kwamfutar, balle a goge abin da ke cikinta.

Wannan batu na ƙarshe shi ne mai tsada. Ɗalibin da ke da awa shida kafin a rufe shafin rajista, ko ɗan jaridan da edita ke jiran rahotonsa, ba shi da haƙurin bincike. Yakan ɗauki kwamfutar ya nufi kasuwa, kuma maganin da ya fi saurin fitowa daga bakin wasu masu gyara shi ne a yi mata fomatin. Fomatin kan dawo da Wi-Fi, gaskiya ne, domin yana komar da komai farko. Sai dai yakan tafi da kundin binciken kammala karatu, da sautin hirarraki, da takardun da ba su da kwafi a wani wuri. Kuma bayan 'yan kwanaki Windows ta sake sauko da direban nan da ya jawo matsalar tun farko.

Abin da direba yake yi

A cikin kowace irin wannan kwamfuta akwai ɗan ƙaramin kati, wanda bai wuce girman kan sarki ba, shi ne ke aikawa da karɓar saƙon rediyo tsakaninta da rauta. Kamfanoni kaɗan ne ke ƙera shi: Intel, Realtek, Qualcomm, MediaTek da Broadcom. Sunan HP ko Dell ko Lenovo da ke jikin murfi bai nuna wanda ya ƙera katin ba, kuma kwamfutoci biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya na iya ɗauke da kati daban-daban.

Babbar manhajar Windows ba ta jin yaren katin kai-tsaye. Tsakaninsu akwai tafinta, wata ƙaramar manhaja da ake kira direba. Shi yake gaya wa katin ya laluba tashoshin da ke kusa, ya miƙa kalmar sirri, ya rage cin batir, ya farka bayan kwamfuta ta yi barci. Direba yana aiki ne a can cikin zuciyar babbar manhajar, inda kuskure ƙanƙani ke iya kayar da komai. Duniya ta ga misalin haka ranar 19 ga Yuli, 2024, lokacin da wata sabuntawa mai matsala daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike, wanda manhajarsa ke aiki a wannan matakin, ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a ƙididdigar Microsoft, har jirage suka kasa tashi. Matsalar direban Wi-Fi ba ta kai wannan girma ba, amma gida ɗaya suka fito. Shi ya sa wani lokaci ba ta tsayawa ga yanke intanet, takan kai ga shuɗin allon nan da ke sake kunna kwamfuta. Idan a jikin shuɗin allon aka ga sunan fayil da ya fara da Netwtw, kamar Netwtw08.sys ko Netwtw10.sys, to direban Wi-Fi na Intel ne ya faɗi.

Sabon direba yana shigowa ta ƙofa uku: ta Windows Update, ta manhajar kamfanin da ya haɗa kwamfutar, ko ta hannun mai ita. Ƙofa ta farko ce ta fi ruɗa mutane, domin ba ta neman izini. Mutum zai iya rantsuwa bai taɓa komai ba, kuma bai yi ƙarya ba.

A fara da kwanan wata

Kafin a sauya ko da saiti ɗaya, sai an tabbatar da abu biyu: laifin na kwamfutar ne, kuma ya zo ne tare da sabuntawa.

Na farko ba ya cin minti biyu. A gwada wayar salula a kan rautar. Idan ita ma ta kasa, matsalar tana wajen rauta ko kamfanin sadarwa ko datar da ta ƙare, kuma duk abin da za a yi wa kwamfutar ɓata lokaci ne. Idan wayar ta shiga, sai a juya gwajin: a kunna Hotspot a wayar, a ga ko kwamfutar za ta haɗu da shi. Kwamfutar da ke haɗuwa da waya amma ta ƙi rautar gida tana ba da labari daban da wadda ba ta ganin komai, kuma za a dawo kan wannan bambanci a gaba.

Na biyu yana rubuce a cikin kwamfutar. A Windows 11, a shiga Settings, sai Windows Update, sai Update history; a Windows 10 wurin yana ƙarƙashin Update & Security. A can akwai sashe mai suna Driver Updates da ke jera kowane direba da ranar da aka girka shi. Idan akwai layi mai ɗauke da sunan Intel ko Realtek ko MediaTek tare da kalmar Net, kuma ranarsa ta yi daidai da ranar da matsalar ta fara, an kama bakin zare. Shaida ta biyu tana cikin Device Manager, wanda ake buɗewa ta hanyar danna maɓallin Windows tare da X. A faɗaɗa Network adapters, a nemo wanda sunansa ke da Wireless ko Wi-Fi ko 802.11, a buɗe Properties. Shafin Driver yana nuna lambar direban, shafin Events kuma yana nuna rana da sa'ar da aka sauya shi. A rubuta sunan katin da lambar direban a takarda. Za a buƙace su, kuma kwamfutar da ba ta da intanet ba wurin ajiya ba ce mai amfani a wannan lokaci.

Sai wani mataki da mutane ke raina wa, saboda suna ganin sun riga sun yi shi. Kashe kwamfuta da Shut down ba daidai yake da Restart ba. Tun daga Windows 8 a 2012 akwai tsarin saurin kunnawa, Fast Startup, wanda idan an kashe kwamfuta yake adana halin da zuciyar manhajar da direbobinta suke ciki a faifai, ya dawo da su yadda suke idan an kunna. Direban da ya maƙale da daddare zai farka a maƙale da safe. Restart ne yake loda komai sabo. A kuma leƙa Airplane mode da maɓallin da ke kashe Wi-Fi a jerin maɓallan F, domin a tsofaffin kwamfutoci hannu kan taɓa shi ba a sani ba.

Abin da Device Manager ke faɗa

Idan katin yana nan da alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa a gefensa, shafin General zai ba da lamba. Code 10 na nufin na'urar ta kasa tashi. Code 43 na nufin Windows ta tsayar da ita saboda ta kawo rahoton matsala. Code 28 na nufin babu direba kwata-kwata. Bayan sabuntawa, duk ukun sun fi nuni ga direba fiye da mutuwar katin, ko da yake 10 da 43 kan fito a katin da ya lalace.

Idan katin ya ɓace daga jerin, a duba View, a zaɓi Show hidden devices, sannan a duba sashen Other devices, inda yakan koma da sunan Network Controller idan Windows ta kasa gane shi. A nan ne ake amfani da wata dabara da masu gyara na ƙwarai suka sani. A shafin Details, a zaɓi Hardware Ids, za a ga rubutu da ya fara da PCI\VEN_. Haruffa huɗun da ke biye su ne lambar kamfanin: 8086 na Intel ne, 10EC na Realtek, 14C3 na MediaTek, 14E4 na Broadcom, 168C da 17CB na Qualcomm. Huɗun da ke bayan DEV_ kuma su ke fayyace wane kati ne. Wannan ya fi muhimmanci ga mai kwamfuta ta hannu, irin waɗanda suka cika kasuwanninmu, domin ba abin mamaki ba ne a tarar an taɓa sauya katin kafin ta iso, wanda ke ciki ba shi ne wanda shafin kamfanin ya ambata ba.

Mayar da tsohon direba

Hanya mafi tsabta ita ce maɓallin Roll Back Driver da ke shafin Driver. Windows takan ajiye direban da ya gabata, kuma danna maɓallin yana mayar da shi ba tare da intanet ba. Za ta tambayi dalili, a zaɓi kowanne, a yi Restart. Sau da yawa labarin a nan yake ƙarewa.

Idan maɓallin ya dushe, ba ya dannuwa, ma'anarsa babu tsohon direba a ajiye ta wannan hanya. Hakan kan faru idan an share shi wajen tsaftace faifai, ko bayan babbar sabuntawar Windows. Duk da haka akwai sauran dama. A danna Update driver, a zaɓi Browse my computer for drivers, sannan Let me pick from a list of available drivers on my computer. Jerin da zai fito yakan ƙunshi direba biyu ko uku na katin, kowanne da lambarsa da ranarsa. A ɗauki wanda ya girmi mai matsalar.

Idan nan ma babu, sai a cire direban. A danna katin da ɓangaren dama na linzami, a zaɓi Uninstall device. Za a ga ɗan akwati da ke tambayar ko a goge direban gaba ɗaya. A nan ake buƙatar natsuwa. Idan ba a yi wa akwatin alama ba, Windows za ta sake girka direban nan bayan Restart, wanda yana da amfani ne kawai idan girkawar farko ce ta samu tangarɗa. Idan aka yi masa alama, za a goge shi, Windows ta koma kan wanda ya rage a ma'ajiyarta. In babu kowa a ma'ajiyar, kwamfutar za ta tashi ba ta da direban Wi-Fi ko ɗaya. Saboda haka kada a yi wa akwatin alama sai an tanadi wani direban a filash, ko an tabbatar da wata hanyar shiga intanet.

Hanyar kuwa tana cikin aljihu. Wayar Android da aka haɗa da kwamfuta ta kebul na iya ba ta intanet idan aka kunna USB tethering a saitin wayar, kuma wannan ba ya bi ta katin Wi-Fi ko kaɗan. Kebul ɗin dai ya zama mai ɗaukar bayanai, domin wasu na caji ne kawai. iPhone ma tana yi, amma sai kwamfutar tana da manhajar Apple. Mai rauta a kusa zai iya jona kebul ɗin Ethernet. Ko kuma a sauko da direban a waya, a tura shi kwamfutar kamar kowane fayil.

Daga ina za a sauko da shi? Da farko shafin kamfanin da ya haɗa kwamfutar, ta amfani da lambar da ke manne a ƙasanta. Direbansu kan zama tsoho idan aka kwatanta da na kamfanin katin, amma an gwada shi a kan wannan samfurin, da eriyarsa da tsarin batirinsa. Kamfanin Intel da kansa yana ba masu amfani shawarar su fifita direban wanda ya haɗa kwamfutar. In bai yi ba, sai a koma shafin mai ƙera katin. Tunda Wi-Fi da Bluetooth a kati ɗaya suke zaune a yawancin kwamfutoci, yana da kyau a girka direbobinsu biyu tare.

Dalilin da ya sa matsalar ke dawowa

Mutum ya gyara, ya yi kwana biyu cikin jin daɗi, a rana ta uku Wi-Fi ya sake ɗaukewa. Ba tsafi ba ne. Idan Windows ta samu direbobi da yawa da suka dace da na'ura ɗaya, tana jera su ne bisa ƙa'ida: sa hannun da ke kansu, da yadda lambarsu ta dace da na'urar, sannan in sun yi kunnen doki ta ɗauki wanda kwanan watansa ya fi sabunta. Ba ta da hanyar sanin cewa sabon ne ya hana mai ita aiki jiya. Wannan ƙa'idar ce ma ta sa direbobin da Microsoft ke sakawa cikin Windows suke ɗauke da ranar 21 ga Yuni, 2006, ko da a bana aka rubuta su: an tsufar da su da gangan domin kada su ture na kamfanonin da suka ƙera na'urorin. Wanda ya ga 2006 a Device Manager kada ya ɗauka kwamfutarsa ta shekara ashirin ba a kula da ita ba.

Rufe ƙofar yana da matakai, kuma kowanne da iyakarsa. Pause updates yana dakatar da komai har mako biyar, wanda ya isa a wuce jarrabawa ko a miƙa aiki, amma yana dakatar da gyare-gyaren tsaro ma, don haka ba wurin zama ba ne. Mai Windows Pro zai iya buɗe gpedit.msc ya kunna ƙa'idar Do not include drivers with Windows Updates, wadda ke barin gyaran tsaro ya shigo ta tsayar da direbobi. Wannan ya fi dacewa, sai dai babu shi a Windows Home. Akwai kuma ɗan kayan aikin Microsoft mai suna Show or hide updates, da ke ɓoye sabuntawa guda ɗaya tak, amma ya dogara ne da wani tsohon tsari da kamfanin ya sanar a 2023 cewa zai janye, saboda haka ba a kowace kwamfuta yake buɗewa ba. Ga wanda ke shiga intanet ta waya ko MiFi, mayar da layin Metered connection yana rage abin da Windows ke saukowa da shi da kanta, ya kuma tsare data.

Abin lura shi ne tun daga Windows 10 ta shekarar 2020, direbobi da yawa sun koma sashen Optional updates, inda sai mutum ya zaɓa da hannunsa. Wanda Wi-Fi ɗinsa ke aiki lafiya ba shi da dalilin shiga can ya yi wa komai alama don kawai ya ga jerin ya zama fanko.

Inda sabon direba ya sauya saiti kawai

Ba kullum direban ne ya lalace ba. Wani lokaci yana aiki, amma ya zo da saitinsa na asali ya share wanda ake da shi. Alamar da ta fi yawa ita ce yankewa bayan kwamfuta ta farka daga barci, ko da zarar an cire caja. A Properties na katin, in akwai shafin Power Management, a cire alamar da ke kan Allow the computer to turn off this device to save power. Sababbin kwamfutoci da yawa ba su da wannan shafin, kuma rashinsa ba matsala ba ce.

Ga kwamfutar da ke haɗuwa da waya amma ta ƙi rauta, a fara da mantar da ita layin: Manage known networks, sai Forget, sannan a sake shigar da kalmar sirri. Idan ba ta ma ganin sunan rautar, a tuna cewa Wi-Fi yana tafiya ne a kan zango daban-daban, 2.4 GHz da 5 GHz, sai 6 GHz a sababbin na'urori. A zangon 2.4 GHz, Amurka tana amfani da tasha 1 zuwa 11, yayin da Turai da ƙasashe da dama ke kaiwa 13. Katin da direbansa ya ɗauka a Amurka yake zai iya kasa ganin rautar da ta zauna a tasha 12 ko 13, alhali wayar da ke gefensa tana ganinta. Mayar da rautar tasha 1, 6 ko 11 yana warware wannan. Haka nan tsarin tsaro na WPA3, wanda aka fito da shi a 2018, yakan hana wasu tsofaffin katuna haɗuwa. Gwada WPA2 na ɗan lokaci zai nuna ko nan ne gizo ke saƙa.

Akwai kuma lokacin da tsohon direba ne mai laifi. Intel ya taɓa sanar da cewa wasu katunansa, ciki har da 7260 da 8260 da 9560, ba sa ganin rautocin Wi-Fi 6 idan suna kan tsohon direba, kuma maganin shi ne sabuntawa. A 2019 ma Microsoft ya hana wasu kwamfutoci karɓar Windows 10 ta watan Mayu saboda tsohon direban Qualcomm da ke sa Wi-Fi yankewa. Wanda ya koma baya da nisa sosai zai iya musanya wata matsala da wata.

Idan kwamfutar ta ce ta haɗu amma babu intanet, a buɗe Command Prompt a matsayin Administrator a rubuta ipconfig. Adireshin da ya fara da 169.254 yana nufin kwamfutar ta nemi adireshi daga rauta ba ta samu ba, ta ƙirƙiro wa kanta wanda ba ya kai ta ko'ina. Umarnin da Microsoft ke ba da shawara a nan su ne netsh winsock reset, da netsh int ip reset, da ipconfig /release, da ipconfig /renew, da ipconfig /flushdns, ɗaya bayan ɗaya, sannan Restart. Mai son ganin cikakken tarihi ya rubuta netsh wlan show wlanreport. Zai samu rahoton kwana uku da suka wuce, da lokacin kowace haɗuwa da kowace yankewa da dalilin da Windows ta rubuta. Mutum ya je wa mai gyara da wannan rahoto a hannu, zancen fomatin ba ya saurin tasowa.

Network reset, da ke cikin Advanced network settings a Windows 11, shi ne babban guduma. Yana cire duk katunan sadarwa ya sake girka su, ya kuma sake kunna kwamfutar bayan minti biyar. Yana share layukan da aka adana da kalmomin sirrinsu, kuma manhajar VPN kan buƙaci a sake saita ta, abin da ya kamata mai dogaro da VPN wajen aikinsa ya sani tun kafin ya danna. Abin da ba ya yi shi ne sauya lambar direba. Idan sabon direban ne mai ciwon, zai dawo da shi yadda yake.

Lokacin da Windows ce da kanta

A Disamba 2023, ɗalibai a jami'o'i da dama a Amurka da Birtaniya sun tarar kwamfutocinsu na Windows 11 sun daina haɗuwa da Wi-Fi na makaranta, alhali a gida suna aiki. Sassan fasaha na wasu jami'o'in sun shawarci ɗalibai su cire sabuntawar watan. Microsoft ya amsa cewa matsalar ta biyo bayan KB5032288 da KB5033375, wadda ta fito ranar 12 ga watan, kuma ta fi shafar layukan ma'aikatu da makarantu masu amfani da tsarin tantancewa na 802.1x, inda kowa ke shiga da sunansa da kalmar sirrinsa. Kamfanin ya janye sauyin daga nesa ta hanyar tsarinsa na Known Issue Rollback, gyaran da sai kwamfuta ta samu intanet yake isa gare ta.

A irin wannan hali, ko sau goma aka sauya direba ba abin da zai canza. Alamar ita ce sashen Driver Updates bai nuna komai a ranar ba, amma sashen Quality Updates ya nuna. Maganin yana cikin Update history, a Uninstall updates, inda ake cire sabuntawar da lambarta. Idan babbar sabuntawa ce ta shekara, zaɓin Go back yana nan na kwana goma kacal, bayan haka Windows ta share tsohuwar. System Restore ma yana mayar da direbobi da saiti zuwa wata rana ta baya ba tare da taɓa takardun mutum ba, in dai an kunna shi tun kafin matsalar.

Akwai rukunin kwamfutocin da wannan zai ƙara addaba. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0 da injin Intel na ƙarni na takwas zuwa sama ko makamancinsa. Tsofaffin kwamfutoci da yawa an ɗora musu Windows 11 ta bayan gida, da katunan da masu ƙera su suka daina yi wa sabon direba. Suna iya aiki shekara guda lafiya, babbar sabuntawa ɗaya ta zo ta yar da direban. Mai irin wannan kwamfuta ya kamata ya ajiye kwafin direbobinsa tun suna aiki. Umarnin pnputil /export-driver * D:\direbobi yana kwashe su duka zuwa foldar da aka riga aka buɗe a filash, in filash ɗin ne ke da harafin D, kuma daga nan ake nuna wa Device Manager su ranar da aka shiga uku.

Manhajojin "gyara direba" da katin da ya mutu

Wanda ya rubuta matsalarsa a Google zai ci karo da shafuka masu alƙawarin gyara duk direbobi da danna ɗaya. Yawancinsu talla ce. Manhajar za ta duba kwamfutar, ta ce direba talatin sun tsufa, ta nemi kuɗi, wasu kuma su shigo da tarkacen da ba a nema ba. Ko da mai gaskiya ce, aikinta shi ne ɗora mafi sabon direba a kan komai, wato abin da ya jawo matsalar. Ga ɗan jarida ko ɗan gwagwarmaya akwai ƙarin dalili: manhajar da aka bai wa izinin girka direba an ba ta mabuɗin ɗaki mafi tsaro a kwamfutar, kwamfutar da ke ɗauke da sunayen majiyoyi da lambobin mutane.

In an bi duk waɗannan katin bai bayyana ba, ko a cikin ɓoyayyun na'urori, saura gwaji uku. A kashe kwamfutar, a cire caja, a danne maɓallin kunnawa na kimanin minti ɗaya, domin wasu katunan kan maƙale a yanayin da sai wuta ta yanke musu gaba ɗaya suke farfaɗowa. Masu katin MediaTek MT7921 sun san wannan sosai. A leƙa BIOS a tabbatar ba a kashe Wireless a can ba, amma kafin a taɓa wani abu a BIOS a nemo mabuɗin BitLocker a ajiye, domin sauyi a can kan sa kwamfutar ta nemi lambobi 48 ɗin kafin ta buɗe. Na uku, a tayar da kwamfutar daga filash mai ɗauke da Ubuntu ba tare da an girka ta ba. Idan Wi-Fi ya yi aiki a can, katin lafiyarsa ƙalau, matsalar tana cikin Windows. Idan bai yi ba, kuma Bluetooth ma ya ɓace a lokaci guda, zargi ya koma kan katin, ko da yake wasu katunan Broadcom ba sa tashi a Ubuntu sai an ƙara musu direba.

A kwamfutoci da yawa katin yana zaune ne a ramin M.2, ƙusa ɗaya ke riƙe da shi, da siraran wayoyin eriya biyu da kan kwance idan kwamfuta ta faɗi. Sauya shi aikin minti goma sha biyar ne ga mai gyara, kuma bai shafi faifan ajiya ba. A siraran kwamfutocin zamani kuwa an like shi da babban allon ciki, ba ya ciruwa. A nan mafita ita ce ɗan ƙaramin Wi-Fi na USB da ake sokawa a gefe. Kafin a biya kuɗinsa, a sa mai shago ya soka shi a kwamfutar a gani, domin wasu daga cikinsu ma sai an sauko musu da direba daga intanet kafin su yi aiki.